Waƙoƙin Koke da Tsoron Kama Suna

Idan muka yi nazarin waƙoƙin koke da aka rubuta a kan mulkin Janar Ibrahim Babangida, haifaffen Minna, za mu tarar kuka ya yi yawa, amma ba a cika faɗin wanda ya yi dukan ba. Sai a ɗora wa zamani laifi, a zagi duniya, a rufe da addu'a.

Alhali kuwa abin faɗi bai ɓuya ba. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, har zanga-zanga ta ɓarke a 1989. A 1990 aka tura sojojinmu Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, dukiya da rayuka suka salwanta, ba a kuma nemi ra'ayin talaka ba. Baiti nawa muka gani a kan gawawwakin da aka dawo da su? Daga bisani aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993.

Mun san ana rufe jaridu a lokacin, saboda haka tsoro yana da dalili. Sai dai ko habaici yana bukatar saiti. Sa'adu Zungur a ƙarƙashin Turawa ya yi nasa, kowa kuma ya gane inda ya dosa.