Naƙuda a Gaban Kyamara: Wa Ake Ruɗa?

Mai karatu, kwanan baya wani abokina ya turo mani bidiyo a WhatsApp. Wata Baturiya ce cikin kwamin ruwa a falonta ta na haihuwa, ba likita ba ungozoma, ga kyandir ga kiɗa mai sanyi. A ƙasa ya rubuta: "Ka gani ko? Turawan ma sun dawo hanyar kakanninmu." Matarsa kuwa cikin fari gare ta, wata bakwai. Dalilin kenan da na ajiye fim ɗin da na yi niyyar sharhi a kai wannan watan, na koma kan ayyuka uku da su ka taɓo wannan batu.

Na farko shi ne 'The Business of Being Born' na 2008, fim na zahiri wanda Abby Epstein ta ba da umarni, Ricki Lake ta shirya. Ƙorafinsa shi ne asibitocin Amurka na gaggauta naƙuda da allura, har kusan mace ɗaya cikin uku ta na ƙarewa da tiyata. Wannan gaskiya ne. Amma edita ya yi son kai: asibiti kullum hayaniya da injina, gida kullum murmushi. Sai ga shi ita kanta daraktar, wadda ta shirya haihuwa a gida, naƙuda ta zo mata kafin lokaci, ɗan kuma bai juyo da kai ba, dole aka ruga asibiti aka yi mata aiki. Na yaba da ba su yanke wurin ba. Kuma ka lura, matan da su ka haihu a gida a fim ɗin da ƙwararriyar ungozoma a gefensu.

Na biyu, 'Pieces of a Woman' na 2020, na darakta Kornél Mundruczó. Fitowar naƙudar ta haura minti 20 ba a yanke hoto ba, kuma Vanessa Kirby ta cancanci kyautar gwarzuwar 'yar wasa da ta samu a bikin Venice. Ungozoma ta saurari bugun zuciyar jaririya, fuskarta ta canza, ta ce a kira motar asibiti. Jaririya ta fito, ta yi kuka, jim kaɗan ta shiɗe. Ban taɓa ganin fim ɗin da ya nuna saurin juyewar al'amari kamar wannan ba. Inda ya gaza shi ne daga nan ya koma rikicin uwa da 'ya da zaman kotu, ya bar mai kallo da tsoro zalla, ba ilimi.

Na uku ba fim ba ne. Binciken jaridar Guardian ta Ingila ne na 2025 kan Free Birth Society, wadda Emilee Saldaya ta kafa, mai sayar wa mata darussan haihuwa ba tare da ma'aikacin lafiya ba. Jaridar ta gano lamurra 48 na mutuwar jarirai ko mummunar illa da ke da alaƙa da ƙungiyar. Shi ne ya fi sauran, don ya bambance abin da ake cakuɗawa: haihuwa a gida da ungozoma daban, haihuwa kai kaɗai daban.

Ko da ungozomar ma, binciken Birthplace na 2011 a Ingila ya nuna cewa ga mai haihuwar fari, matsala mai tsanani ga jariri ta kai 9.3 cikin 1,000 a gida, a asibiti 5.3, kuma kashi 45 cikin ɗari sai da aka kai su asibiti. Ga wadda ta taɓa haihuwa lafiya kuwa, ba a ga bambanci ba.

To mu fa? Baturiyar bidiyon zaɓi ta yi, motar asibiti na jiran kiran waya. 'Yar ƙauyenmu da ke durƙusawa ita kaɗai a ɗaka, ungozoma sai ta zo yankan cibi, kunya ce da nisa da rashin kuɗi da jiran izinin miji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 39 cikin ɗari ne ke haihuwa a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma ko ɗaya cikin biyar ba a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 75,000 mu ka rasa a 2023 sanadin ciki da haihuwa.

Finafinanmu kuwa sun haddace fitowa ɗaya: likita ya fito ya cire tabarau, ya ce "sai haƙuri." Ina doguwar naƙudar? Ina jijjiga da zubar jini? Ina tsawar da wasu ma'aikata ke yi wa mai naƙuda, wadda ke korar mata daga asibiti? Stephanie Linus ta yi 'Dry' kan yoyon fitsari, mu da abin ya fi shafa mu na nan mu na rawa.

Abokin nawa dai na ce ya kalli rabin awar farko na fim na biyu, sannan ya raka ta awo. Allah Ya sauke ta lafiya, amin.