Diyyar Hayaƙin Taron Likitoci a Ma'aunin Fiƙihu

Wata al'ada ta fara kafuwa a tarukan likitoci na Turai da Amurka. Masu shirya taro sukan lissafa iskar kabon da ya jawo, galibi daga jiragen da suka kwaso mahalarta, sannan su sayi takardun shaida daga kamfanonin da ke cewa sun dasa itatuwa ko sun kare wani daji daga sara. Da zarar an biya, sai a shelanta cewa taron bai ƙara wa duniya ɗumi ba. Niyyar abar yabo ce, amma da'awar tana buƙatar a ɗora ta a kan ma'auni.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Taron shekara-shekara na likitocin hoton jiki a Shikago yakan tara mutum wajen 50,000 kafin annobar korona. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa tafiye-tafiyen mutum 28,000 zuwa taron masana kimiyyar ƙasa a San Faransisko a 2019 sun fitar da kimanin tan 80,000 na wannan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana hasashen sauyin yanayi zai ƙara mace-mace kusan 250,000 kowace shekara tsakanin 2030 da 2050, ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Ke nan likita ya fi kowa sanin wanda hayaƙin yake kashewa.

Matsala ta farko tana cikin cinikin kansa. Fuƙaha'u sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya zama sananne kuma mai yiwuwar miƙawa, suka hana cinikin garari. To, mene ne hajar a nan? Sau da yawa ita ce ɓarnar da ake cewa da ta auku ba don an biya ba, wato dajin da ake zaton da an sare shi. Wannan zato ne, kuma mai sayarwa yana da riba idan ya kumbura shi. A Janairun 2023 binciken haɗin gwiwa na jaridun Guardian da Die Zeit da ƙungiyar SourceMaterial ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzukan damina da ƙungiyar Verra ta tantance ba su wakiltar wani ragi na haƙiƙa. Verra ta musanta, sai dai saɓanin kansa ya isa shaida cewa hajar ba ta fita daga jahilci ba.

Ta biyu ita ce rashin daidaito. A babin lamuni, wanda ya lalata abu yana biyan irinsa ko ƙimarsa. Hayaƙin jirgi yana fita nan take, kuma wani ɓangarensa yakan daɗe ɗaruruwan shekaru a sama. Itace kuwa sai ya yi shekaru kafin ya zuƙe abin kirki, kuma fari ko gatari ko gobara na iya mayar da abin da ya zuƙa. A 2021 gobarar Bootleg a jihar Oregon ta cinye wani yanki na dajin da aka riga aka sayar da takardunsa. Tabbatacciyar cuta ba ta faɗuwa da alkawarin da ke rataye.

Ta uku ta fi nauyi: wa aka biya? Haƙƙin bayi ba ya sauka sai an mayar wa mai shi ko ya yafe. Afirka tana fitar da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, amma a Afrilun 2024 zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali. Masu jinya a irin waɗannan wurare ba su ga kuɗin diyyar ba, ba a kuma nemi yafiyarsu ba.

Wannan ba ya nufin a daina taro. Neman ilimin magani farilla ce ta kifaya, kuma likitan Kano ko Yamai yana buƙatar haɗuwa da takwarorinsa. Dashen itace ma sadaka ce mai gudana. Abin ƙi shi ne a mayar da sadaka lasisin ci gaba da ɓarna. Fidiyar mai harami da ya aske kansa saboda ciwo rangwame ce ga mabuƙaci, kuma larura ana auna ta ne gwargwadonta.

Saboda haka tsari madaidaici shi ne a fara da ragewa: a zaɓi garin da ya fi kusa da yawancin mahalarta, a buɗe halarta ta intanet, a raba taro zuwa cibiyoyin yankuna, a bar kujerun jirgi ga waɗanda zuwansu ya zama dole. Abin da ya saura a biya shi ga aikin da ake iya gani a ƙirga, kamar wutar sola a asibitocin karkara da ke dogaro da janareta. Sannan a kira shi da sunansa na gaskiya, wato gudummawa, kada a ce wankewa. Allah Ya sa mu dace.