Haruffa Huɗu a Gindin Katin Biki

Daga Babbar Salla zuwa yau katin ɗaurin aure ya taru a teburin shagonmu har ya fi rasit yawa, kuma kusan kowanne in ka duba gindinsa za ka ga haruffa huɗu na boko, R.S.V.P., sai sunaye uku ko huɗu da lambobin waya. Mun tambayi samarin da ke kai aikin wurin masu buga kati a Mokola me haruffan ke nufi. Wani ya ce sunayen manyan baƙi ne, wani ya ce mutanen da za ka kira ne in ka ɓata hanya. To, asalin maganar Faransanci ce, ma'anarta: don Allah ka ba da amsa, za ka zo ko ba za ka zo ba. Mu dai mun ari haruffan, amma amsar da suke nema ba mai bayarwa, ba kuma mai karɓa.

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, iyayenmu fataken goro da dillalan shanu da goro suke gayya. A raba goro da alawa gida gida, ladan ya yi sanarwa bayan Magariba, wanda ya ji ya zo. Ba a ƙirga kai, domin a tsakar gida ake ɗora tukwane, maƙwabta su aiko da gudummawa, in tuwo ya ƙare a sake ɗora wani. Yanzu yaranmu sun ga yadda maƙwabtanmu Yarbawa ke shagali, su ma sai an kama hol, an yi anko, an kira masu dafa abinci na haya. Mai hol kujera yake ƙirgawa, mai abinci faranti take ƙirgawa, kuma kowa ya san yadda farashin shinkafa da nama ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Saboda haka uban amarya da ya ce yana son ya san mutum nawa za su zo, kada a ce masa marowaci.

Ko a addini ma ƙirga baƙi yana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi Ba'ansare, Abu Shu'aibu, da ya sa aka dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Manzon Allah (SAW) a cikinsu. Sai wani ya biyo su. Da suka iso ƙofa, Manzon Allah ya sanar da mai gida cewa ga wani ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya bar shi. Mai gida ya yi masa izini. Ka ga ke nan ko fiyayyen halitta bai shigar da ɗan gayyar soɗi gidan mutum ba tare da neman izini ba.

Bari mu fara da laifinmu mu waɗanda ake gayyata. An kira ka a waya an ce Alhaji za a samu zuwa? Ka ce in sha Allahu, alhali ka san ranar kana Shagamu wurin awon goro. Mun mai da kalmar nan mai girma mafakar wanda ba ya son ya ce a'a. Wani kuma an ba shi kati ɗaya, ya taho da abokan majalisarsa shida. Mafi wahala baƙinmu na Arewa. A bara wani maƙwabcinmu ya aurar da 'yarsa, danginsa na Kano suka ce mutum huɗu za su taho, ya gyara musu ɗaki ɗaya. Da asuba sai ga bas cike, mata da yara. Maza suka kwana a barandar masallacinmu, mata aka rarraba su gidajen maƙwabta, shi kuwa ya ci bashin da har yau bai gama biya ba. Mun kuma ga akasin haka, an biya kuɗin faranti da yawa, waɗanda suka yi alkawari ba su zo ba, shinkafa ta kwana ta lalace a unguwar da wasu suka kwana da yunwa.

Amsa gayyar walimar aure hakki ne, ba mu musu. Amma duk wanda ya karanta Risala a Islamiyya ko a zaure ya san an faɗi uzurorin da ke sauke wa mutum zuwa, har Imam Malik ya yi rangwame ga wanda ya ƙi zuwa saboda yawan cinkoso. In kana da uzuri, ka faɗa da wuri: ba zan samu zuwa ba, Allah ya sa albarka. Wannan ba yanke zumunci ba ne, sauƙaƙa wa ɗan'uwanka ne.

Sai laifin masu biki, wanda a ganinmu ya fi muni. Sunayen da ake jerawa a ƙarƙashin haruffan nan yawanci don nuna isa ne: Alhaji wane, Honarabul wane, waɗanda wasunsu ba su ma san an sa lambarsu ba. Ka kira, ko dai ba a ɗauka ba, ko a ce maka to sai ka zo, ba wanda ya rubuta komai. Da yake ba a yi lissafi tun farko ba, sai ranar biki a ɗauko ƙarti a tsayar a ƙofa su yi aikin da littafi da biro ya kamata su yi. Da idonmu muka ga an mai da wani dattijo daga ƙofar hol don ba shi da katin shiga, mutumin da ya halarci sunan amaryar, ya kuma yi sallar gawar kakanta. A lokacin nan ana shigar da wasu masu manyan motoci da ba a ma tambaye su kati ba. Wallahi mun ji kunya. Manzon Allah (SAW) ya aibata abincin walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa, kuma wannan ita ce ta zahiri. Mu baƙi ne a garin nan, ƙarfinmu a haɗin kanmu yake. Wanda ka kora a ƙofar hol shi ne zai fito maka ranar da gobara ko rigima ta tashi.

Ga shawararmu. Ɗaurin aure a masallaci na kowa ne, kada a sa masa kati ko ƙofa. A yi walima a unguwa gwargwadon hali, ko da ɗan akuya ne da waina, a fara da maƙwabta da miskinai. Wanda kuma ya ga lallai sai ya kama hol, to ya sa sunan mutum biyu kawai, namiji ɗaya mace ɗaya, masu ɗaukar waya, a ba su littafi su rubuta wanda zai zo da adadin waɗanda zai taho da su, a rufe lissafi saura mako guda. A rubuta buƙatar da Hausa ƙarara a katin, yadda tsoho da tsohuwa za su gane. 'Yan'uwanmu na Arewa a tambaye su adadi da ranar isowa ba tare da jin nauyi ba. A kuma tsayar da dattijon gida a ƙofa wanda ya san fuskokin mutane, a ware wasu kujeru domin wanda aka manta.

Allah ya sanya albarka a aurarrakinmu, ya kiyaye mu daga almubazzaranci da wulaƙanta maƙwabci. Wassalamu alaikum.