Masu Tonon Tsofaffin Salgogi a Amurka

A tsofaffin unguwannin Burukilin, Filadelfiya, Baltimo da San Faransisko akwai mutanen da suka mai da tonon salga abin shaƙatawarsu na ranakun hutu. Mutum zai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da bai san mai shi ba, ya roƙi izinin haƙa rami a bayan gida, ya yi alkawarin mayar da ƙasa da ciyawa yadda ya same su, wani lokaci har ya ce za a raba abin da aka samu. Tsofaffin kwalabe yake nema. Mai jin labarin karon farko ƙyama ce ke fara kama shi, amma salgar da aka rufe tun shekara 150 ba ta da wari. Abin da ke cikinta ya daɗe da komawa baƙar ƙasa mai laushi.

Kafin a ja bututun ruwa da magudanai zuwa cikin gidaje, kowane gida a waɗannan birane yana da salga a ƙarshen filinsa, kusa da katanga. Birnin Niyok bai sami ruwan famfo mai yawa ba sai 1842, da aka buɗe hanyar ruwan Croton, kuma an ɗauki shekaru da dama kafin magudanai su kai ga gidajen talakawa. Babu motar kwasar shara a lokacin, don haka salga ita ce bola. Kwanon tangaran da ya fashe, lofen taba, ƙasusuwan nama, buroshin haƙori, kan 'yar tsana, kwalbar magani da ta giya, duk can ake jefa su. Masu kwasar masai kan zo da dare su yashe ramin, sai dai ba kullum suke kai wa ƙasa ba. Ranar da aka haɗa gida da magudana kuma, sai a cike ramin da toka da tarkacen gida, a rufe, a manta.

Sana'ar gano ramin tana da ƙwarewa ta gaske, kuma a nan nake fara girmama masu yin ta. Suna bin taswirorin kamfanin Sanborn, waɗanda aka fara zanawa a 1867 domin kamfanonin inshorar gobara, inda ake nuna kowane gida da iyakar filinsa da ƙananan gine-ginen bayansa. Daga nan sai su ɗauki dogon siririn rodi mai mariƙi a sama, su yi ta soka shi a ƙasa. Ƙasar da ba a taɓa tonawa ba tauri gare ta. Wurin da aka cike yakan karɓi rodin da sauƙi, hannu ya ji ƙaras-ƙaras na toka ko gilashi, bakin rodin ya fito da farar ƙura. Gwani yakan gane bangon ramin tun bai ɗaga shebur ba, ko na katako ne, ko na bulo, ko na dutse. A Filadelfiya akwai salgogin bulo masu zagaye kamar rijiya da zurfinsu ke wuce ƙafa 20, sai an sa guga da igiya, mutum ɗaya a ƙasa sauran a sama suna ja. Aikin yana da haɗari, domin bango kan rufta, iskar ƙasan rami kuma kan yi ƙaranci. Alamar da suke jira ita ce 'ya'yan itatuwa. In shebur ya fara fito da baƙar ƙasa cike da ƙananan ƙwayoyin inabi da tumatir waɗanda suka bi ta cikin mutane ba su narke ba, to an iso inda aka yi amfani da salgar, nan ne tsofaffin kaya suke.

Kwalba kuma tana faɗin shekarunta ga wanda ya iya duba ta. Har zuwa wajen 1860 mai busa gilashi kan manna wani rodin ƙarfe a gindin kwalba ya riƙe ta da shi yayin da yake gyara bakin. In ya ɓalle rodin sai ya bar tabo mai kaushi. Wannan tabo shi ne abin da masu tono suka fi murna da gani. Kwalbar da aka busa a mazubi aka ƙarasa bakinta da hannu, layin haɗinta yakan ɓace kafin ya kai leɓe. Bayan Michael Owens ya fito da injinsa na yin kwalba a 1903, layin sai ya riƙa tafiya har saman baki, kwalabe suka zama iri ɗaya, sha'awar masu tarawa ta ragu a kansu. Wannan ilimi, yawancinsa ba daga jami'a ya fito ba. Tsarin da George McKearin da 'yarsa Helen suka yi wa kwalaben giya masu zane a littafinsu American Glass na 1941, har yau da shi ake aiki, kuma su masu tara gilashi ne.

Rubutun da ke jikin kwalaben ya fi komai taɓa ni. Akwai Mrs. Winslow's Soothing Syrup, ruwan maganin da ake ba jarirai masu haƙori, wanda sinadarin mofin ke cikinsa. Jariri kan yi shiru, wani kuma ba ya sake farkawa. Akwai Drake's Plantation Bitters mai siffar ɗakin gungume, giya ce da sunan maganin ciki. Akwai haɗin Lydia Pinkham na ciwon mata, shi ma da barasa mai yawa. Sai a 1906 dokar abinci da magunguna ta tilasta a rubuta irin waɗannan sinadarai a jikin takardar kwalba. Idan aka sami kwalaben Mrs. Winslow shida a wuri ɗaya cikin salgar gida ɗaya, labarin wata uwa ne da jaririnta, a gidan da za a iya gano sunan masu shi daga takardun ƙidayar jama'a. Idan aka wanke su aka jera a teburin kasuwar kwalabe, kowacce da farashinta, sun zama kwalabe shida kawai.

Wannan shi ne abin da ke tsakanin masu sha'awar da masana tonon tarihi. Mai sha'awa yana neman kwalba lafiyayya, mai launi, mai tabo a gindi, mai sunan gari. Yakan gama rami a yini ɗaya ko biyu, ya mayar da tsingaro da ƙasusuwa da ƙasar duka a cakuɗe. Masani kuwa yana bin ramin hawa-hawa, yana auna zurfin kowane abu, yana rairaye ƙasar, yana ɗibar ta a kai ɗakin bincike, inda ake ganin ƙwan tsutsar ciki da garin furanni, a san me mutanen suka ci, me ya dame su. Salga kamar littafi ce wanda shafukansa ke yagewa yayin da ake karanta shi. Wanda ya fara buɗewa shi kaɗai ke da damar rubuta abin da ya gani.

A 1991, kafin a gina kotun tarayya a kudancin Manhatan, an tona wani yanki na Five Points, unguwar da ta yi ƙaurin suna a ƙarni na 19 a matsayin matattarar ɓarayi da mashaya, wadda Charles Dickens ya ziyarta a 1842 ya kwatanta ta da muni. An fito da kaya kusan 850,000, da yawansu daga salgogi da ramukan ruwa. Abin da Rebecca Yamin da abokan aikinta suka gano ya gyara wannan hoto. An sami kayan shayi na tangaran 'yan Ingila masu dacewa da juna, kayan wasan yara, ragowar aikin teloli, har da kofin shayi mai hoton Father Mathew, limamin kiristan Ayilan da ya yi wa'azin barin giya. Mutanen unguwar baƙi ne matalauta masu ƙoƙarin riƙe mutuncin gidajensu. An ajiye kayan a ɗakin ƙasa na gini mai lamba 6 a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, suka hallaka a harin 11 ga Satumba 2001, ban da guda 18 da aka ba da aro. Amma an riga an auna, an ɗauki hoto, an rubuta rahoto, don haka abin da aka sani game da mutanen Five Points bai ƙone ba. A tonon sha'awa akasin haka ke faruwa: kwalbar tana nan lafiya a kan kanta, mutanen da suka sha daga cikinta ne suka ɓace.

Masu tono suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wata doka ta 1979 ta hana tono ba tare da izini ba a filayen gwamnatin tarayya da na ƙabilun asali, amma a yawancin jihohi mai gida yana da ikon barin kowa ya haƙa filinsa. Dokar 1966 da ke sa a yi binciken tarihi kafin gini ta shafi ayyukan da gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki ne. Saboda haka dubban salgogi katafila ce ke kwashe su idan an zo ginin bene, babu masanin da zai leƙa. Mai tono yana cewa gara shi ya ceci kwalbar da ta tafi juji. A filin da za a haƙa gobe, na yarda da shi. Inda ban yarda ba shi ne bayan gidan da babu mai shirin taɓawa, ramin da ya zauna lafiya shekara 170 kuma zai iya zama wasu ɗari.

Mu ma mun san wannan ciwo. Gumakan yumɓu na Nok, da na Kwatarkwashi, da na Bura a Nijar, an yi ta tono su a ɓoye musamman a shekarun 1990, aka sayar a Turai. Kawunan suna nan a gidajen masu kuɗi, amma wurin da aka same su da abin da ke kwance kusa da su babu mai iya dawo da shi. Wancan sata ce, tonon salga da izinin mai gida ba sata ba ne, sai dai asarar iri ɗaya ce.

Akwai masu tono da suka fara ɗaukar wannan da muhimmanci. Suna rubuta adireshin gida da zurfin rami da irin bangonsa, su ɗauki hoton kowane hawa, su tara tsingaro su liƙa shi, su ajiye kayan rami ɗaya wuri ɗaya, wasu ma su miƙa wa gidan tarihin garinsu. Hakan yana cin ƙarin yini, kuma yana nufin a haƙura da sayar da kwalbar da ta fi tsada ita kaɗai. Ba kowa ke yarda ba, musamman da yake kwalba ɗaya da ba a cika samun irinta ba tana iya kai dubban daloli a gwanjo, alhali yawancin abin da ke fitowa daga rami ko kuɗin man motar zuwa ba ya biya.