Alƙur'anin Gilashi da Alƙur'anin Gafaka

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, muna zaune a bakin shago, wani yaronmu ɗalibi ya miƙo mana waya ya ce, "Baba Liman, ku ga Alƙur'anin da ya fi kowanne kyau a duniya." Muka gyara tabarau muka duba. Tun ranar maganar take cin mu, shi ya sa muka kawo ta nan.

Abin da ya nuna mana shi ne wanda ake kira Shuɗin Alƙur'ani. Kan fata aka rubuta shi fiye da shekara dubu da suka wuce, bayan an rina fatar da shuni irin na marinar Ƙofar Mata, aka zuba haruffan Kufi da ruwan zinariya. Mafi yawan warƙoƙinsa suna Tunisiya, saura sun warwatse a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ya kuma nuna mana warƙa biyu da ke Jami'ar Birmingham a Ingila, ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha. A 2015 aka bayyana cewa gwaji ya nuna fatar ta dabbar da ta rayu ce tsakanin 568 da 645 Miladiyya.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Wanda ya ja waɗannan layuka bai san gaggawa ba, kuma masu ajiyar sun tsare su daga danshi da ƙwaro yadda mu ba mu iya ba. Amma da muka nemi mu karanta, sai warƙar ta ƙare a tsakiyar aya, ci gabanta kuwa yana wata ƙasa. An mai da Mushafi hoton bango, kowa da yankinsa. Nan ne sukarmu ta farko: gidan tarihi yana nuna ado, yana mance abin da aka yi adon dominsa.

Mu da muka tashi da Alƙur'ani rubutun hannu mun san zayyana aiki take yi. Namu ba na fata ba ne, na takarda ne, kuma tsofaffin da yawa in ka ɗaga warƙar a rana za ka hangi jinjirin wata uku a jikinta, alamar takardar Italiya da fatake suka ƙetaro da ita ta Sahara. Baƙar tawada ta ɗauki haruffa, ja ya ɗauki wasali, ɗigon rawaya hamza ne. Ɗan kurtun nan mai ƙwaya uku shi ne ƙarshen aya, kumsa ta ce maka an yi biyar, kuri ya ce goma. Da'irar gefe tana faɗa maka ga hizifi, ga sumuni, ga wurin sujada. Babbar zayyanar da ke cika shafi kamar saƙar tabarma tana raba Littafin kashi huɗu. Gardi mai tilawa da asuba da su yake gane inda yake, kamar yadda direban Mubi zuwa Yola yake gane hanya da duwatsu. A ƙasan shafi kuma an rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa, domin ba a ɗinke warƙoƙin ba, tadarishi da gafaka ne ke riƙe su.

To da wannan ma'auni muke auna rubutu. Ba yawan launi ba. Shin alƙalamin ya tsaya da kauri ɗaya daga Baƙara har Nasi? Shin wasalin ya zauna daidai da ruwayar Warshu? Alarammomin Barno da wannan suka yi suna, har Kano ta fitar da irin su Sharif Bala, wanda aka buga rubutunsa ya shiga masallatai da yawa. Mun taɓa shiga wani gidan tarihi muka tarar da irin wannan Mushafi a gilashi, an buɗe shi a shafin zayyana, babu sunan marubuci, babu garinsu, babu ko bayanin ruwaya. Mai zagayawa da mu ya ce zanen gargajiya ne. Haba!

Sai dai laifi tudu ne. Nawa ne a unguwar nan ke da gafakar kaka a saman rumbu ko ƙasan akwati, shekara goma ba a buɗe ba? A Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, da kayan jikinmu muka fita. Da aka dawo, wani ya tarar da gafakarsa lafiya, wani ya tarar gara ta riga shi. Mutanen Timbuktu ma sun ga irin wannan rana: a Janairun 2013 an ƙone littattafai kusan 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira don masu ita sun san abin da suke riƙe da shi, suka kwashe zuwa Bamako a ɓoye. Mu fa, mun ma san adadin namu?

Akwai kuma masu zuwa suna taya shafukan zayyana kaɗai. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ciniki, amma wanda ya zare warƙa huɗu ya sayar ya yi wa Mushafin gidansu abin da muke kukan an yi wa shuɗin nan.

Shawararmu ba mai tsada ba ce. Kowa ya sauko da gafakarsa, a kaɗe ƙura, a jera warƙoƙi, a raba ta da ƙasa da leda mai riƙe gumi. Matasa masu waya su ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan marubuci da mai shi a littafin masallaci. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, akwai wurare irin su Arewa House a Kaduna da ke adana rubuce-rubuce, ya tafi da cikakken tarihin littafin a rubuce. Sauran kuma a fito da su cikin azumi a yi tilawa, yara su ga kuri da kumsa da idonsu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta, ya ba mu ikon riƙe amana.