Matuƙin Jirgin Yaƙi a Finafinan Japan

A watan Disamba na shekara ta 1942, shekara guda ke nan bayan farmakin da Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, kamfanin Toho ya fitar da fim mai suna "Yaƙin Teku daga Hawai zuwa Malaya". Kajiro Yamamoto ne ya shirya shi, rundunar sojan ruwa kuwa ta ɗaure masa gindi. Labarin wani yaron ƙauye ne da ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ya sha horo mai tsanani ba tare da gunaguni ba, har ya kai ga ranar farmaki. Gwanin dabarun hoto Eiji Tsuburaya ya gina ƙaramar tashar jiragen ruwa ta kwaikwayo, aka farfasa ta a gaban kyamara. Mai kallo yana hango kome daga sama, jiragen suna nutsewa kamar kayan wasan yara, waɗanda kuwa a gaskiya su ɗin ne.

Daga wannan shekara zuwa yau zuciyar matuƙi ta sāke sau da dama a finafinan Japan. Wanda a dā yake murnar mutuwa ya zama mai hawaye, daga baya ya zama mai neman ya rayu. Amma wurin da aka ajiye kyamara da wuya ya sauya. Tana nan a cikin jirgi, kusa da fuskar saurayin, abin da yake ƙasa kuwa hayaƙi ne kawai.

Matuƙin da ya fi cika waɗannan finafinai shi ne na ƙunar baƙin wake, wato kamikaze. An fara wannan farmaki a watan Oktoba na 1944 a tekun Filifin, bisa umarnin Takijiro Onishi, babban hafsan sojan ruwa, kafin yaƙi ya ƙare kuma matuƙa wajen 3,800 sun hallaka ta wannan hanya. Da yawansu ɗalibai ne da aka ɗebo daga jami'a. Har da Kirista a cikinsu, kamar Ichizo Hayashi na jami'ar Kyoto, wanda ya mutu a Afrilu na 1945 a yaƙin Okinawa, ya bar wa mahaifiyarsa wasiƙu. Sa'ad da mulkin sojan Amurka ya ƙare a 1952, masu fim suka koma kan irin waɗannan samari. Fim ɗin Miyoji Ieki na 1953, "Ƙarshen Inda Gizagizai ke Tafiya", daga rubuce-rubucen ɗaliban da suka mutu aka samo shi. A shekara ta 1954 Ishiro Honda, wanda shi kansa ya yi aikin soja a ƙasar Sin, ya yi "Sai Wata Rana, Rabaul", inda ya sa wani matuƙin Amurka da aka kama ya gaya wa Japanawa cewa ba su ɗauki ran mutum a bakin kome ba. Zargin yana da tushe, gama jirgin Zero na farko ba shi da sulken kāre matuƙi, tankin mansa kuma da harsashi ya taɓa shi sai wuta. An rage masa nauyi domin ya yi nisa, ya kuma juya da sauri, matuƙi ne ya biya kuɗin.

Waɗanda suka fi ƙarfin hali su ne finafinan da suka duba bayan fage. A "Bazarar Hasken Wata" na Seijiro Koyama, 1993, matuƙa biyu sun je wata makarantar firamare su kaɗa piyano kafin tashinsu na ƙarshe. Ɗaya ya mutu, ɗayan kuwa injinsa ya lalace ya juyo. Sai aka kulle shi a wani gida a Fukuoka mai suna Shinbu-ryo, inda rundunar sojan ƙasa take ɓoye waɗanda suka dawo da rai, ana zaginsu, gama an riga an sanar da jama'a cewa sun mutu jarumai. Wannan gida shi kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa kowa da son ransa ya tafi. "Hotaru" na Yasuo Furuhata, 2001, ya tuna wa Japanawa cewa akwai ƴan Koriya, mutanen ƙasar da suka mallaka, a cikin waɗanda suka tashi daga sansanin Chiran, ya kuma kai tsohon matuƙin da ya tsira har ƙauyen mamacin a Koriya, inda dangi ba su yi masa maraba nan da nan ba.

Amma ba waɗannan ne suka fi tara jama'a ba. "Zero na Har Abada" na Takashi Yamazaki, wanda ya fito a 2013 daga littafin Naoki Hyakuta, ya samu kuɗi fiye da yen biliyan 8, firayim ministan lokacin, Shinzo Abe, kuwa ya yaba shi. Jaruminsa, Kyuzo Miyabe, gwanin matuƙi ne wanda abokansa suke kira matsoraci domin ya yi wa matarsa alkawari zai komo. Yana hana ɗalibansa zubar da ransu a banza. A ƙarshe shi ma ya shiga sahun ƙunar baƙin wake, ya musanya jirgi da wani saurayi domin saurayin ya tsira. Ba za a ce fim ɗin yana yabon yaƙi ba. Yana nuna wautar shugabanni, yana kuma sa mutum kuka. Laifinsa a wani wuri yake. Ya cire sarki da tuta daga bakin matuƙi, ya sa mata da ɗiya a madadinsu, sa'an nan ya bar mutuwar da kyanta kamar dā. Sa'ad da jirgin Miyabe yake gangarowa kan jirgin ruwan Amurka, kiɗa yana tashi, kyamara tana kan fuskarsa, mai kallo ba ya tunanin daina yaƙi. Fatansa dai kada harsashi ya same shi kafin ya isa.

Mai karatu da ya san labarin Dawuda da Uriya zai lura da abin da ya ɓace. Littafin Sama'ila bai tsaya kan amincin Uriya ba, ko da yake amintacce ne ƙwarai; ya faɗi wanda ya rubuta wasiƙar, ya kuma aiko da Natan. Onishi ya kashe kansa ranar 16 ga Agusta, 1945. Amma Janar Kyoji Tominaga, wanda ya yi ta sallamar matuƙa a Filifin da alkawarin zai bi bayansu, ya gudu zuwa Taiwan a Janairu na 1945, bai mutu ba sai 1960. Irin wannan mutum da wuya ya samu wuri a majigi. Haka ma mutanen Chongqing na ƙasar Sin, birnin da jiragen Japan suka yi ta zuba wa bama-bamai daga 1938 zuwa 1943. A sararin wannan birni ne Zero ya yi faɗansa na fari, a Satumba na 1940, yana rakiyar masu jefa bam. Ko Hayao Miyazaki, wanda ƙin yaƙinsa sananne ne, a fim ɗinsa na zane "Iska Ta Taso", 2013, kan Jiro Horikoshi da ya tsara Zero, ya fi makokin jiragen da ba su komo ba a kan garuruwan da suka je.

A shekara ta 2023 Yamazaki ya sāke komawa kan batun a "Godzilla Minus One", daga kamfanin Toho ɗin nan. Matuƙinsa, Koichi Shikishima, ya yi ƙaryar lalacewar inji domin ya kauce wa mutuwa, kunya ta bi shi har gida. A ƙarshe ya tuƙa jirgi cike da bam cikin bakin dodo, amma bakanike ya riga ya nuna masa kujerar da take cilla matuƙi waje, ya sauko da laima da ransa. Wannan ci gaba ne, bai kamata a raina shi ba, gama fim ɗin ya faɗa a fili cewa ƙasar ta yi wasa da rayukan ƴaƴanta. Sai dai abokin gāban da aka zaɓa masa dodo ne daga teku, wanda ba shi da uwa ko gari, ba kuwa wanda zai je ƙauyensu ya nemi gafara. Fim ɗin ya karɓi lambar Oscar a 2024 saboda dabarun hoto, wato sana'ar Tsuburaya.