Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Hotunan Yaƙi da na Gwagwarmayar Neman 'Yanci

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa tun da kyamara ta shiga fagen fama jama'a suka ɗauka an sami ganau wanda ba ya ƙarya. A shekarun da na yi ina bin dattawa domin tattara tarihin baka bayan na bar aikin gwamnati, na lura cewa idan tsoho ya ba mu labari mukan tambaye shi daga wa ya ji, ina yake a ranar, kuma wane gida ya fito. Amma da zarar an miƙo mana hoto sai mu karɓa hannu bibbiyu. Manufar wannan sharhi ita ce in nuna wa malamai cewa shi ma hoto mai ba da labari ne, kuma ya cancanci irin waɗannan tambayoyi.

Matsalar ta faro ne tun daga tushe. A shekarar 1855 Roger Fenton ya tashi daga Ingila zuwa yaƙin Kirimiya da keken doki cike da kayan wanke hoto, ya dawo da hotuna sama da 300 na hafsoshi da tantuna da dawaki, amma babu gawa ko ɗaya, alhali cuta da sanyi da harsashi sun hallaka dubban sojoji. A 1863 kuma, lokacin yaƙin basasar Amurka, aka ɗauki hoton wani soja kwance tsakanin duwatsu a Gettysburg, wanda Alexander Gardner ya wallafa. Daga bisani masu bincike suka gano cewa ɗauko gawar aka yi daga wani wuri, aka jingina bindiga kusa da ita domin hoton ya ƙayatar. Wato tun a wancan zamani an san ɓoyewa, an kuma san shiryawa.

To amma ko hoton da babu algus a cikinsa yana da iyaka. Misali mafi kyau shi ne na Soweto a Afirka ta Kudu. Ranar 16 ga watan Yuni 1976 'yan makaranta suka fito suna ƙin tilasta musu karatu da harshen Afirkans, 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe musu wuta. Sam Nzima na jaridar The World ya ɗauki wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, yana gudu ɗauke da Hector Pieterson ɗan shekara 12, jini na fita daga bakinsa, yayarsa Antoinette tana gudu a gefe, hannu a ɗage, tana kururuwa. Nzima ya cusa fim ɗin cikin safarsa kafin 'yan sanda su bincike kyamararsa, ba domin haka ba da duniya ba ta gan shi ba.

A ganina babu hoton gwagwarmaya da ya fi wannan ƙarfi, domin kuwa duk mai ɗa ko ƙane yana fahimtarsa ba tare da tafinta ba. Duk da haka mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, babu ɗan sanda ko ɗaya a cikin hoton. Rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ke gaya mana wanda ya yi harbin. Na biyu, akwai wani yaro, Hastings Ndlovu, ɗan shekara 15, wanda ake kyautata zaton shi aka fara harbi a ranar, amma da yake hotonsa bai zagaya duniya ba, kaɗan ne suka san sunansa. Ashe ke nan kyamara ce ta zaɓar wa tarihi wanda zai tuna. Su ma masu hoton sun ɗanɗana kuɗarsu: an hana jaridar fita a 1977, an yi wa Nzima ɗaurin talala a ƙauyensu, bai sami haƙƙin mallakar aikinsa ba sai 1998, Makhubo kuwa ya yi gudun hijira, wasiƙarsa ta ƙarshe daga nan Nijeriya ta fito a 1978.

Darasin ya fi shafarmu idan muka dawo gida, kan yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970. Ina ɗan firamare a lokacin, abin da muka sani shi ne abin da rediyo ya faɗa da abin da manya suka karanto daga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sai da na girma na ga yaƙin da Turai da Amurka suka gani. Ranar 12 ga Yuli 1968 mujallar Life ta sa yaran Biyafara masu fama da yunwa a bangonta, Don McCullin na Ingila kuma ya ɗauki wani yaro zabiya, ƙashi da rai, riƙe da gwangwanin nama wanda babu komai a ciki. Wasu daga cikin tsaranmu kan ce ai duk farfaganda ce. Gaskiya ne cewa gwamnatin Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress na birnin Janiba domin yaɗa labarinta, kuma 'yan jarida sun fi ganin wuraren da aka kai su. Amma wannan bai mayar da yaran ƙarya ba. Tamowar da ta kumbura musu ciki gaskiya ce, toshe hanyoyin abinci ne ya haddasa ta, kuma duk malamin da ya musanta haka a gaban ɗalibai ya cuci tarihi.

Kukana da waɗannan hotuna shi ne sun mayar da yaƙi mai sarƙaƙiya ya zama fuskar yaro ɗaya. Ba su bayyana juyin mulkin Janairu da na Yuli 1966 ba, ko kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa a wannan shekara, abin da ya wajaba mu faɗa ko da yana mana nauyi. Kisan Asaba na Oktoba 1967, wanda sojojin tarayya suka yi, ya daɗe a binne saboda babu hoton da ya yi masa shela. Haka nan ƙananan ƙabilun yankin Fatakwal da Kalaba da suka sha wuya daga ɓangarorin biyu, da samarin garuruwanmu da suka hau jirgin ƙasa ba su dawo ba. Rashin hoto ba ya nufin rashin aukuwa.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce, duk lokacin da za a nuna wa ɗalibai hoton yaƙi ko na zanga-zanga, a tambaye su wa ya ɗauka, wa ya kai shi wurin, wa ya rubuta bayanin da ke ƙasa, kuma me ke bayan mai kyamarar wanda ba mu gani ba. Wannan ya ƙara zama dole a yau da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Ga dattawa kuwa roƙona shi ne, duk wanda ke da hoton wa ko baffa cikin kakin soja a ƙasan adaka, ya fito da shi ya rubuta suna da gari da shekara a bayansa tun masu shaida shi suna raye.